Rembrandt, Vermeer da Van Gogh: shin zane ne ya talauta su?

"Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne, shekarata 19, tun ina firamare nake zane, kuma ina so in mai da shi sana'a. Mahaifina bai amince ba. Da na kawo masa misalin manyan masu zane na Turai, sai yayana ya ce ai su ma a tsiyace suka mutu: wai Rembrandt har gidansa aka yi gwanjo, Vermeer ya mutu mai burodi na bin sa bashi, Van Gogh kuwa zane ɗaya tak ya sayar a duk rayuwarsa. Don Allah gaskiya ne? In gaskiya ne, me ya jawo, tunda yau zanensu ya fi ƙarfin aljihun kowa?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Yayanka bai yi maka ƙarya ba. Maganar Rembrandt da ta Vermeer gaskiya ce, takardun kotu da na rabon gado suna nan a ajiye a Amsterdam da Delft har gobe. Ta Van Gogh ce ke buƙatar gyara, za mu zo kanta. Amma na fahimci abin da ke cin ranka ya wuce tarihi. So kake ka san ko sana'ar ce da kanta ke jawo talauci, ko wani abu ne daban ya sami mutanen nan. Na shafe fiye da shekara ashirin ina zane ina kuma koyar da shi, kuma abin da na gani shi ne: mutum uku ne, ciwo uku, kowanne da sanadinsa. In aka zuba su a kwando ɗaya aka ce "haka masu zane suke", an cuci matashi irinka, domin an hana shi ganin ramin da kowannensu ya faɗa.

Kasuwar da suka tarar

Dukansu ukun 'yan ƙasar Holan ne. Mu a nan atamfa ce ta sa muka san Holan. A ƙarni na 17 kuwa, wannan 'yar ƙaramar ƙasa ita ce cibiyar fatauci ta Turai. Sun yi shekara 80 suna yaƙin ƙwatar kai daga Sifen, daga 1568 zuwa 1648, a cikin yaƙin kuma suka kafa babban kamfaninsu na cinikin ƙasashen gabas a 1602. Jiragensu na dawowa da barkono, kanumfari, siliki da tangaran. Dole a faɗi cewa wani ɓangare na dukiyar da hawayen mutanenmu aka tara shi: a 1637 suka ƙwace ganuwar Elmina da ke gaɓar tekun Gana ta yau daga hannun 'yan Fotugal, suka shiga cinikin bayi gadan-gadan.

A Italiya da Sifen coci da sarakuna ne ke ɗaukar nauyin mai zane. A Holan ɗariƙar Kiristancin da ta yi rinjaye ta hana hotuna a majami'u, kuma babu wata babbar fada mai kashe kuɗi irin ta Faransa. Sai zane ya koma hajar kasuwa. Ɗan kasuwa na saye, mai burodi na saye, tela na saye, a rataya a ɗaki. Wannan ya buɗe ƙofa ga ɗaruruwan masu zane, amma kuma ya cika kasuwa maƙil. Ƙaramin zane kan tafi a 'yan gulda kaɗan (gulda ita ce kuɗin Holan a lokacin), a zamanin da ƙwararren ma'aikaci ke samun kusan gulda ɗaya a yini. Ka riƙe wannan ma'aunin, da shi za ka auna duk kuɗin da zan ambata. Shi ya sa da yawansu suka haɗa da wata sana'a. Jan Steen ya riƙe gidan giya. Meindert Hobbema ya karɓi aikin awon gangunan giya na hukumar birni a 1668, daga nan zanensa ya ragu ƙwarai. Frans Hals da ya tsufa sai da hukumar garin Haarlem ta yanka masa ɗan tallafi na shekara-shekara. A gefe guda kuma, Gerrit Dou da Ferdinand Bol da Govert Flinck, dukansu yaran shagon Rembrandt ne, kuma dukansu sun yi arziki da wannan burushin dai.

Rembrandt: ya samu, riƙon ne ya gagara

An haifi Rembrandt a Leiden a 1606, ɗan mai injin niƙa. Wajen 1631 ya koma Amsterdam, a 1632 ya zana ƙungiyar likitocin fiɗa suna kallon Dakta Tulp yana feɗe hannun gawa, daga nan sunansa ya cika gari. Kafin ya kai shekara 30 attajirai layi suke bi ya zana su. Kowane almajiri da ke koyo a wurinsa yana biyan gulda 100 a shekara, kuma abin da yaran suka zana shi ke sayarwa. Ga kuma hotunan da yake sassaƙawa a farantin tagulla ya buga a takarda, waɗanda suka kai sunansa har Italiya. A 1634 ya auri Saskia, 'yar gidan manya daga Friesland.

Ramin ya fara ne a 1639, da ya sayi wani katafaren gida a kan gulda 13,000, wanda zai riƙa biya kaɗan-kaɗan. Da a ce ya ɗaure wando ya biya a shekarun da yake tashe, da ya gama. Sai ya zamana duk abin da ya shigo, gidan gwanjo yake tafiya. Jerin kayansa da jami'an kotu suka rubuta daga baya ya kai abu 363: kwalkwali da sulke, baka da kibau, gumakan sarakunan Rum, ƙwaryar kifin teku iri-iri, fatun zaki, da kundi-kundi na ayyukan manyan masu zane na Italiya da Jamus da ƙasarsa. Ba zan kira wannan almubazzaranci zalla ba, domin da kayan yake aiki, da su yake koyar da yara. Har ƙananan zanen fadar sarakunan Mughal na Indiya ya zauna ya kwafa, sama da ashirin daga cikin kwafin suna nan. Mutum ne mai ƙishirwar gani. Amma shekara 14 bayan sayen gidan, fiye da rabin kuɗin na nan a wuyansa, ga ruwa ya hau. Da wanda ya sayar masa da gidan ya matsa a 1653, sai ya ci sabon bashi ya toshe tsoho, a daidai lokacin da yaƙi da Ingila ya tsayar da jirage, kuɗi suka yi wuya a Amsterdam, kowa na neman nasa.

Za ka ji ana cewa wai babban zanensa na 1642, na rundunar 'yan sintirin birni ƙarƙashin Kyaftin Frans Banninck Cocq, shi ya kashe masa kasuwa saboda masu shi sun ƙi shi. Wannan ƙage ne na mutanen baya. An biya shi kimanin gulda 1,600, an kuma rataye zanen a zauren rundunar. Abin da ya faru da gaske a 1642 shi ne rasuwar Saskia, bayan sun binne jarirai uku, ta bar masa Titus yana ɗan wata tara. Wasiyyarta ta ce in ya sake aure ya rasa cin moriyar gadonta. Wannan sharaɗin ya jefa shi cikin rikici. Ya yi zaman da ba aure da mai renon yaron, Geertje Dircx, da ya juya mata baya ta kai shi ƙara kan alkawarin aure, aka yanke masa biyan ta gulda 200 duk shekara. A 1650 ya haɗa baki aka kulle ta a gidan horo na Gouda, ta yi shekara biyar a ciki. Ina son aikin Rembrandt fiye da na kowa a cikin mutum ukun nan, amma wannan zalunci ne, kuma duk shekara haka nake faɗa wa ɗalibaina.

Akwai kuma sauyin yayi. Daga wajen 1650 attajiran Amsterdam suka koma son zane mai santsi, mai haske, mai ƙyalli irin na fada. Shi kuwa sai ƙara duhu yake, yana lafta fenti da kauri har da wuƙa. Wannan na san zafinsa a jikina. Wani bawan Allah ya taɓa kawo mini hoton mahaifinsa da ya rasu in zana masa. Na yi sati uku a kai. Na bar rabin fuskar a inuwa, haske ya sauka a goshi da gefen rawani, don a ga nauyin shekarun dattijon. Da ya zo karɓa ya tsaya shiru, can ya ce, "Malam, ai Baba ba haka yake da duhu ba." Ya juya ya tafi, ban karɓi ko kafin alƙalami ba. Har yau ina ganin yana cikin mafi kyawun abin da hannuna ya yi, kuma har yau ina ganin mutumin yana da hujjarsa, domin ubansa yake so ya gani kamar yadda yake tuna shi. Irin wannan ta sami Rembrandt a babban mataki: zanen da ya yi wa sabon zauren hukumar birni an rataye shi a 1662, ba a jima ba aka sauke aka mayar masa, aka datse shi, guntun ne ya rage yau a Stockholm.

A 1656 ya miƙa kadarorinsa ga kotu don a biya masu binsa. Aka yi gwanjon kayan a 1657 da 1658, gidan ya tafi ƙasa da yadda ya saye shi. Waɗanda suka tare masa su ne Hendrickje Stoffels, matar da yake zaune da ita kuma uwar 'yarsa Cornelia, da ɗansa Titus. A 1660 suka buɗe kamfanin sayar da zane da sunansu, shi ya zama ma'aikacinsu, ta yadda masu bin bashi ba za su taɓa sabon aikinsa ba. Kuma bai rasa masu ba shi aiki ba: a 1662 ya zana shugabannin masu duba ingancin yadi, aikin da babu mai zanen mutane da zai kalla bai jinjina ba. Amma a shekarar nan ce har kabarin Saskia ya sayar. Hendrickje ta rasu a 1663, Titus a 1668, shi kuma a Oktoban 1669, aka binne shi a kabarin haya a cocin Westerkerk. Wannan mutum zane ya ba shi dukiyar da ta ishi gida goma. Gidan da ya fi ƙarfinsa, da hannun da ba ya riƙe kuɗi, da rikicin cikin gida, su suka cinye ta.

Vermeer: aiki kaɗan, baki da yawa, sai yaƙi

Na Johannes Vermeer daban ne, kuma shi ya fi ba ni tausayi, don ban ga laifinsa ba. An haife shi a Delft a 1632, mahaifinsa mai masauki ne kuma dillalin zane. A 1653 ya auri Catharina Bolnes, ya kuma shiga ƙungiyar masu zane ta garin, wadda daga baya aka zaɓe shi cikin shugabanninta fiye da sau ɗaya. Wato a garinsu an san darajarsa. A gidan surukarsa Maria Thins suka zauna, mace mai abin hannunta. Catharina ta haihu 15, 11 suna raye sanda ya rasu.

Duk zanensa da ya rage a duniya bai kai 40 ba. In ka raba a kan shekarun aikinsa, biyu ne ko uku a shekara. Yawancinsu kuma gida ɗaya ke saye, gidan Pieter van Ruijven da matarsa, shi ya sa a 1696 aka yi gwanjon guda 21 a lokaci ɗaya daga gadon surukinsu. Ubangida ɗaya rufin asiri ne, amma yana ɓoye ka. A 1663 wani baƙo Bafaranshe ya ziyarce shi, bai tarar da ko zane ɗaya da zai nuna masa ba, sai gidan wani mai burodi aka kai shi ya ga guda.

Don ka gane dalilin jinkirin, nemi hoton zanensa na kuyanga tana zuba madara. Ƙarami ne, tsawonsa bai kai rabin mita ba. Duk shekara nakan sa wa sababbin ɗalibai shi a gaba in ce kada su kalli matar tukuna, su kalli bango. Da farko cewa suke fari ne kawai. Bayan minti biyar wani zai hango ƙusa a sama da 'yar inuwarta. Wani ya ga ramin da aka cire wata ƙusar. Sai su lura farin ba ɗaya ba ne: kusa da taga ya yi toka-toka, can dama ya yi haske kamar nono. Gilashin taga ɗaya ya fashe. A kan burodin akwai ɗige-ɗigen fenti ƙanana kamar an watsa gero, su ne ke sa ka ji kamar in ka taɓa ɓawon zai yi ƙaras. Sannan shuɗin zanin da ta ɗaura a ƙugu. Wannan shuɗin daga wani dutse ake niƙa shi da ake haƙowa a duwatsun Badakhshan na Afganistan, shi ne fenti mafi tsada a zamanin. Wasu sukan taɓa shi kaɗan a inda ido zai faɗa. Vermeer har cikin inuwa da ƙarƙashin wasu launuka yake sa shi. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin karofi ya ga yadda turmi ke fitowa daga baba kore-kore, iska ta buge shi ya rikiɗe shuɗi, ya san akwai shuɗin da ba a samun sa da gaggawa. Mai irin wannan aiki ba zai yi zane ashirin a shekara ba.

Duk da haka gidan na tafiya, da kuɗin hayar gonakin suruka da dillancin zanen wasu, har 1672, wadda 'yan Holan ke kira shekarar masifa. Faransa da Ingila da wasu ƙasashen Jamus biyu suka far musu a lokaci guda. Don tsayar da sojan Faransa aka buɗe madatsun ruwa aka malale ƙasa, har da gonakin Maria Thins. Haya ta tsaya, kasuwar zane ta mutu murus. Wa zai sayi hoto ana gudun tsira? A 1675 ya je Amsterdam ya ranto gulda 1,000. A Disambar shekarar ya rasu yana da shekara 43. Matarsa ta shaida wa hukuma cewa nauyin yara da rashin abin hannu ne suka karya shi, cikin kwana ɗaya da rabi ya tashi daga mai lafiya zuwa gawa. Mai burodi Hendrick van Buyten na bin gidan gulda 617, ya karɓi zane biyu jingina. Wanda aka naɗa ya kula da rabon gadon shi ne Antonie van Leeuwenhoek, mutumin da ya fara ganin ƙwayoyin cuta da madubin da ya haɗa da hannunsa.

Daga nan sunansa ya dusashe kusan shekara 200, har akan liƙa wa zanensa sunan wasu don ya sayu. Wani Bafaranshe mai sharhin zane, Théophile Thoré, shi ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya yi rubutu a kansa a 1866. Ko bayan haka, a 1881 an sayar da zanen yarinya mai ɗan kunnen lu'ulu'u a birnin Hague a kan gulda 2 da 'yan canji. A 2023 da aka tara guda 28 a gidan tarihi na Rijksmuseum, mutum kusan 650,000 suka je kallo.

Van Gogh: shekara goma, da ƙani, da matar ƙani

Shi Vincent van Gogh kusan ƙarni biyu ke tsakaninsa da su. An haife shi a Zundert a 1853, ɗan limamin coci. Yana shekara 16 ya fara aiki a kamfanin dillancin zane na Goupil, ya zauna a Hague, Landan da Faris, aka sallame shi a 1876. Ya gwada koyarwa a Ingila, ya gwada wa'azi cikin masu haƙar kwal a Borinage ta Beljiyam, nan ma ba a sabunta masa ba. Sai a 1880, yana da shekara 27, ya ɗauki zane. Ya rasu a 1890. Wato duk sana'ar shekara goma ce, rabinta kuma koyo ne. A cikinta ya bar zanen fenti kusan 860, ban da na fensir da tawada fiye da dubu.

Maganar zane ɗaya ta samo asali ne daga zanen jar gonar inabi, wanda wata mai zane 'yar Beljiyam, Anna Boch, ta saya faran 400 (faran shi ne kuɗin Faransa da Beljiyam a lokacin) a farkon 1890. Shi ne cinikin da ya fi shahara. Amma tun 1882 kawunsa mai dillancin zane ya ba shi aikin zana unguwannin Hague ya biya shi, an kuma sayar da wasu kaɗan a Faris, wasu ya yi musaya da abokai. Gaskiyar ita ce ya sayar da kaɗan ƙwarai, abin da ba zai ciyar da shi ba.

To wa ya ciyar da shi? Ƙaninsa Theo, wanda ke dillancin zane a Faris. Ɗan'uwa rabin jiki. Shekara goma yana aiko masa da kuɗi, kusan faran 150 a wata, wani lokaci fiye, ban da fenti da ƙyallen zane. Abokinsa Roulin, ma'aikacin gidan waya a Arles, garin kudancin Faransa da Vincent ya zauna, albashinsa faran 135 ne, da mata da 'ya'ya uku. Ka ga ke nan yunwar da Vincent ke yawan ambata a wasiƙunsa ta zaɓi ce a lokuta da dama: kuɗin abinci yake juyawa ya sayi fenti ya biya masu zama a zana su, sauran ya tafi a taba da giya, ya kwana da busasshen burodi da gahawa. Tun 1884 kuma suka yi yarjejeniya cewa kuɗin ladan aiki ne, zanen na Theo ne. Wannan yarjejeniyar ce ta sa aikin ya taru wuri ɗaya bai watse ba.

Batun ciwonsa, ni malamin zane ne ba likita ba, iyakata in faɗi abin da aka rubuta. A daren 23 ga Disamba 1888, bayan saɓani da abokinsa mai zane Paul Gauguin a Arles, ya yanke kunnensa. A Mayun 1889 ya kai kansa asibitin masu taɓin hankali a Saint-Rémy ya yi shekara guda, likitocin da suka duba shi suka ce wani nau'in farfaɗiya ne. Abin da nake so ka riƙe shi ne, in ciwon ya tashi ba ya iya aiki sam. Zanen daren taurari da na itatuwan zaitun duk a tsakanin tashin ciwo ya yi su, da hankalinsa garau, da lissafin launi irin na wanda ya yi shekaru yana nazari. Na ga samari suna ɗauka cewa rashin barci da shaye-shaye su ne ƙofar basira. Ciwon nan babu abin da ya ƙara wa Vincent, kwanakin aikinsa ya ci.

Abin baƙin cikin shi ne ƙofa ta fara buɗewa. A Janairun 1890 wani matashin marubuci, Albert Aurier, ya yi dogon sharhin yabo a kansa. A Maris aka baje zanensa goma a Faris, Theo ya rubuto masa cewa shahararren mai zane Monet da kansa ya yaba. A Mayu ya koma Auvers-sur-Oise, inda ya yi kusan kwana 70 yana gama kusan zane ɗaya kullum. Ran 27 ga Yuli ya harbi kansa, ya cika ran 29, yana da shekara 37. Theo ya bi shi bayan wata shida.

Nan ne labarin ya koma hannun wadda ba a cika ambata ba. Jo Bonger, matar Theo, ta zama bazawara tana da shekara 28, da jariri, da ɗaruruwan zanen da kasuwa ba ta so, da tarin wasiƙu. Ta koma Holan ta buɗe gidan saukar baƙi a Bussum, tana fassara don ƙarin abin cefane. Ba ta zubar da kayan a gwanjo ba. Ta riƙa ba da aro ana bajewa, tana rubuta wa masu sharhi da dillalai, tana sayar da ɗaya-ɗaya a inda za a gani, tana riƙe mafi kyawu. A 1905 ta shirya baje koli a Amsterdam mai aiki sama da 450. A 1914 ta buga wasiƙun Vincent zuwa ga Theo, a shekarar kuma ta sa aka mai da gawar mijinta Auvers kusa da yayansa. A 1924 ta saki ɗaya daga zanen furannin rana ga babban gidan zane na Landan, ta rasu a 1925. Jaririn nan ne ya girma ya miƙa sauran, aka buɗe gidan tarihin Van Gogh a 1973. Sanda aka sayar da zanen da Vincent ya yi na likitansa, Dakta Gachet, dala miliyan 82.5 a 1990, gumin shekara 34 na wannan mata na ciki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

To kai fa?

Ban ga aikinka ba, don haka ba zan ce maka ka bar komai ka rungumi burushi ba. Kuma Baba yana da gaskiyarsa: kasuwar zane ita ce ta farko da ke mutuwa in gari ya yi zafi, Vermeer shaida ne. Kada ka yi jayayya da shi a kan wannan. In kuma damuwarsa ta shafi hukuncin zana mai rai ne, wannan ku kai wa malaman addini, ba fagena ba ne. Sai dai ka sani fagen na da faɗi. 'Yan Holan ɗin nan da yawansu gonaki da gajimare da jirage da furanni suka zana har suka mutu, mu kuma muna da adon bango, da zayyana, da allunan shaguna, da bangon littattafai, da zanen kwamfuta da kamfanoni ke nema.

Abin da nake gaya wa ɗalibaina ke nan. Ka riƙe wata hanyar samu a gefe har zane ya fara biyan kuɗin fentinsa da kansa. Kada ka taɓa fara aikin wani ba tare da kafin alƙalami ba, kuma ku yi magana a kan haske da duhu tun kafin ka sa hannu, ni da tsada na koyi wannan. Kada ka dogara da mai saye ɗaya komai kirkinsa. Ranar da kuɗi suka fara shigowa, ka tuna da gidan gulda 13,000. Kowane aiki ka sa masa suna da kwanan wata, ka ɗauki hotonsa, ka rubuta wanda ya saya, domin watarana wani zai buƙaci ya bi sawunsa. Sannan ka dubi gidanku da kyau. Yayan nan naka da ya san Vermeer har da bashin burodinsa, mutum ne mai karatu a kan abin da kake so. Ka riƙa nuna masa aikinka, ka nemi ra'ayinsa da gaske.

Van Gogh da ya fara a 1880, wani littafin darussan zanen gawayi ya samu, ya kwafe shi daga farko zuwa ƙarshe, ya sake komawa farko. Kai ma ka sayi littafi biyu gobe. Ɗaya na zane, shafi ɗaya kullum: hannun Inna tana tankaɗe, buta a bakin rijiya, inuwar zaure da la'asar. Ɗaya na lissafi: abin da ka kashe, abin da aka biya ka, ko naira ɗari biyar ce. In wata shida ta cika, ka sami Baba bayan sallar isha'i, ka durƙusa ka ajiye masa su biyun a gabansa, ka bar shi ya buɗe da hannunsa.